Kwanukan Kawu Bitrus

Duk wanda ya san Kawu Bitrus, yayan mamata, ya san ba a gaisawa da shi a wuce salin alin. Ka ce masa "lafiya lau", sai ya ɗaga gira: "Lau ɗin yadi nawa?" Aikin awon yadi a masaƙar Kakuri ne ya bar masa wannan ciwo.

Ranar da aka kafa ƙungiyar taimakon juna a unguwarmu, Mahuta, ina raɓe bayan Mama. Shugaba, Baba Audu, ya miƙe ya ce burinmu shi ne yaɗa ƙauna.

"Mudu nawa?" in ji Kawu.

"Haba Bitrus! Ana auna ƙauna?" in ji Baba Audu.

"To baɗi ta yaya za mu san ta yaɗu ko ta tsiyaye?"

Aka yi ta cacar baki har Kawu ya kawo nasa ma'aunin. Ɗakunan tsofaffin unguwa suna yoyo, kowa yana tara kwano. Buri ɗaya, in ji shi: kafin ruwan Agusta, kada a ga kwanon taren ɗigo a ɗakin tsoho ko ɗaya. Aka yarda, musamman saboda Kaka Ladi, wadda tari ya kama don kwana a kan jiƙaƙƙiyar tabarma.

Ita kuwa Kaka kunya gare ta. Da ta hango mu tafe, ni da Kawu, ta ɓoye kwanukanta, ta kife babbar tasa ta zauna a kai.

"Kaka, ina kwanukan?" in ji Kawu.

"Wane kwano? Ɗakina garau yake."

"Wannan da kike kai fa?"

"Kujera ce."

"Ikon Allah! Kujerar taki har jiƙa zane take yi?"

Asabar ta gaba maza suka hau rufinta da ƙusa da kwalta. Tarin ya lafa. Ɗaki bayan ɗaki aka gyara, Kawu yana yawo yana shela: "Sifiri! Ba kwano!"

Wata rana da azahar, ana tsuga ruwa, Mama ta aike ni kai masa tuwo. Wayyo! Ga Kawu zaune tsakiyar gado, lema a buɗe bisa kansa, ruwa na tsiyaya ta ko'ina.

"Kawu, ɗakinka yana yoyo," na ce ƙasa-ƙasa.

"Kin ga kwano?"

"A'a."

"To shi ke nan. Lema ba ta cikin lissafi."

Ashe nasa kwanon rufin ya ciro aka yi wa Kaka faci. Na gaya wa Mama, washegari Kaka da kanta ta ja masu gyara, tana dogara sanda tana cewa, "Fito, Sarkin Sifiri!"

Damina ɗaya kawai Kawu ya yi a ɗakin nan a bushe kafin ya rasu. Ubangiji Ya ba Kawu hutu a wurinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa tsofaffinmu. Amin.