Auren da Kawu Ya Ɗaura a Lambu

Jiya aka kawo mini mangwaro mai aure daga lambun marigayi kawuna a Dutsi, ƙamshinsa ya tuno mini da shi. Wurin wani Bature ɗan Ingila masanin tsirrai ya koyi auren bishiya, har hannunsa ya fi na malamin.

Wata Juma'a ya aiko in zo ɗaurin aure. Na sha babbar riga, sai na tarar da shi durƙushe a lambu da aska, yana ɗaure reshe a jikin dashe, yatsunsa duk danƙo.

Na ce, "Kawu, ina angon?"

Ya nuna reshen. "Ga shi nan. Wannan auren ko alƙali ba ya raba shi."

Har yau bai rabu ba, 'ya'yansa muke sha. Allah ya saka Kawu a inuwar Aljanna.