Garar da Ruwan Lamu Ya Ci

Har yau in ruwa ya fara bugun tagar ɗakina a Sevran sai raina ya ɓaci, kuma na san dalili. Shekara biyu da wani abu ke nan da na kai garar ƴata wani gari da ake kira Lamu, a bakin tekun Kenya, amma ban huce ba.

Ƴar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. A nan Faransa aka haife ta, ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani asibiti a Lyon. Can ta haɗu da yaron da ta aura, Musulmi mai natsuwa, ɗan Lamu. Kakarsa ce ta rene shi, tana can garinsu, ta tsufa ba ta iya shiga jirgi. An ɗaura aure a Sevran cikin sanyi, aka yi walima, kowa ya watse. Ni kuwa a wurina biki bai ƙare ba tunda ba a kai gara ba.

Lokacin da aka kai ni gidan miji a Damagaram, damina ba ta yi kyau ba, uwata ba ta da abin yin gara. Babu wanda ya zage ni. Amma na yi shekaru ina jin ana cewa, cikin wasa wai, amaryar nan hannu rabbana ta shigo. Tun ranar da na haifi ƴata na yi wa kaina alkawari cewa ita ba za a faɗa mata haka ba, ko da bayan duniya ta yi aure.

Mai yanke rana shi ne Alhaji, wan marigayi mijina, wanda ya tsaya mata a matsayin uba. Ɗan kasuwa ne a La Courneuve, yana loda tsofaffin firigo da tayoyi zuwa Kwatano, kuma saboda wannan yana ganin babu lungun duniya da bai sani ba. Ya ce watan Mayu za a tafi. Yarinyar ta taso tun daga Lyon a jirgin ƙasa, ta durƙusa gabansa a falona, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta isar da saƙo.

"Baba Alhaji, kakarsa ta ce a bari sai iska ta juya. Wai a Mayu ruwa ake yi can ba sauƙi. Ni ma na duba meteyo, hasashen yanayi, a telefon, haka ne."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mayu? Mayun da ko tsuntsu inuwa yake nema? Ƴata, Afirka ce fa, ba Faransa ba. Na san ta kamar yunwar cikina."

Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya miƙe ya sa takalmansa. Mutumin da bai taɓa wuce Njamena ta gabas ba, shi ne yake yanke wa teku damina daga kan kujerata. Ni kuwa ban ce komai ba, don a raina ni ma Mayu bazara ce. Haka na tashi na gani, ban taɓa tunanin akwai ƙasar Musulmi baƙar fata da ruwanta ke sauka a wani lokaci dabam ba.

Sati uku na yi ina aiki. Na jiƙa alkama ta yi tsami, na murza alkaki ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka sage. Na soya dubulan, na soya cincin. Nakiya kuwa a turmi na daka ta, a hawa na tara, na shimfiɗa bargo biyu ƙarƙashin turmin, duk da haka matar da ke ƙasanmu ta yi ta bugun rufinta da sandar shara. Ban kula ta ba. Da na gama, na zuba nakiyar a kwanoni biyu masu murfi, sauran kuma na jera su a kwalaye shida, na shimfiɗa takarda, na ɗauki wuƙa na huda kowane kwali ta gefe da gefe. Haka uwata ta koya mini: abin soya in ka rufe shi ruf a cikin zafi, gumi yake yi ya lalace, dole a bar masa inda zai sha iska.

Yarinyar ta zo da wasu robobi masu murfin da ke kamawa gam, ta ce in zuba a ciki. Na tambaye ta tsakanin ni da ita wa ya koya wa wani alkaki. Ta mayar da robobinta cikin jaka.

Mu huɗu muka tafi, ni da Alhaji da ita da mijinta. Jirgin ƙarshe ƙarami ne, ya sauke mu a wani tsibiri, wai garin yana tsallaken ruwa sai an shiga kwale-kwale. Ko rabin hanya ba mu yi ba sama ta yi baƙi, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ga na sama, ga na teku yana fallatsowa. Matuƙin ya jefa mana wata leda, na kwanta a kan kwalayena da ita, ina jin ruwa yana bin bayana. Alhaji da ya sha babbar rigar shadda don a san babban mutum ya iso, ya sauka a gaɓa kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Ya ce wannan ruwan bazara ne, kafin gobe ya wuce.

Bai wuce ba. Mutane suna tambayata wai garin yana da kyau, sun ga hotuna. Yana da kyau mana. Akwai tsofaffin ƙofofin katako masu sassaƙa da sai ka tsaya kallo, ga masallatai ko'ina, ga lunguna matsattsu da suka tuna mini da cikin Birni a Damagaram. Babu motoci, jakuna ne ke ɗaukar komai, kuma jakin garin ba ya kauce wa kowa. Amma ni abin da na fi gani shi ne ruwa yana gudu a tsakiyar lungu, ina tattare zani. Gidan da aka sauke mu da dutsen teku aka gina shi, bangon kansa gumi yake yi. Na wanke ɗankwali ranar Litinin, har Alhamis bai bushe ba. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, sallayata ta fara wari. Iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa ba dare ba rana, mutanen gari kuwa ko a jikinsu, sun san watansu.

Na ce a kai kayan nan tun ranar da muka iso. Alhaji ya ce a'a, gara ba kayan sata ba ce da za a shigar da ita a ɓoye, sai Juma'a bayan an sauko, in dangi sun taru. Kwana uku kwalayena suna jibge a kusurwar ɗaki, suna shan iska ta hujin da na yi musu da hannuna.

Ranar Alhamis da hantsi na buɗe na farko don in jera a faranti. Funfuna ce koriya da fara ta lulluɓe alkakin. Dubulan ya saki, ya manne da takarda. Na buɗe na biyu, na uku, har na shida, ina fatan ko ɗaya ya tsira. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina. Nakiya kaɗai ta kuɓuta, wadda ke cikin kwanoni masu murfi. Yarinyar ta kalli kwanonin, ta kalle ni, ta ɗauki tsintsiya.

Da kwano biyu muka shiga gidan surukai ranar Juma'a, mata cike da tsakar gida. Tsohuwar, kakar mijin, ƴar ƙarama ce, idonta ras. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta ɗanɗana nakiya ta yaba, aka kawo shinkafa da madarar kwakwa da kifi. Jikanta ne tafinta, yana juya maganarta zuwa Faransanci. Labarin kwalayen ya riga mu isa, don a ƙaramin gari ba a zubar da kwali shida a ɓoye. Da Alhaji ya shigo gaisuwa, sai ta yi tambaya a hankali, ba da faɗa ba.

"Ashe ban aiko a ce ku jira iska ta juya ba?"

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ba da shi ake ba. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa a La Courneuve. Na jira ya yi magana, shi ne babba. Sai na ji muryar ƴata.

"Ni ce na manta ban faɗa musu ba."

Mijinta ya tsaya yana kallonta, don ya san gaskiya. Ta gyaɗa masa kai, ya fassara. Matan suka kalli juna. Tsohuwar ta dafa kanta ta ce yaro yaro ne. Garar da na yi don in ɗaga darajarta a gidan miji, ita ce ta sa aka san ta a matsayin amaryar da ba a ba ta saƙo.

Da muka dawo, Alhaji ya mayar da tafiyar abin hira. Duk suna ko walima sai ya ba da labarin jakuna da kwale-kwale, ya ce alkakin matan yanzu ba ya jure hanya, yaran Faransa kuma kansu yana cikin telefon ba sa riƙe magana. Ana dariya. Ni kuwa in ƙule a ɗakin girki ina tafasa, ina lissafa laifinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe ban janye ko ɗaya ba. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina wurin ranar nan, da bakina, na yi shiru.

Bana ta haihu, na je Lyon zaman jego. Wata rana da la'asar tsohuwar ta kira, mijin ya sa telefon a fili yana ta dariya. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce tana ba da shawara ne kan wankan jariri, amma wai shi ya riƙe maganar da kansa, kada a bar wa matarsa, ita mantuwa gare ta. Wasa take yi, na sani. Ni ma da wasa aka yi ta ce mini hannu rabbana.

Na ce ya miƙo mini telefon ɗin, ya tsaya ya fassara, kada ya rage ko kalma ɗaya. Na gaishe ta, na tambayi jiki da mutanen gida. Sannan na ce:

"Hajiya, saƙonki ya iso tun kafin mu taso. A gabana ta durƙusa ta faɗa. Mu ne muka ƙi ji, ni da wan ubanta. Ni na huda kwalayen kuma, ta kawo robobi masu murfi na ƙi."

Tsohuwar ta ce a ba ta yarinyar. Ƴata tana tsaye a bakin murhu da jaririn a kafaɗa, ta juya mini baya. Ta goge hannunta a zani, ta zo ta karɓi telefon ɗin. Kafin ta kai shi kunne ta dube ni.

"Mama, sai bayan shekara biyu," ta ce.