Shittu Mai Rediyo, Wanda Ya Ajiye Mana Muryoyin Mutanenmu

Kafin masu albasa su gama sauke buhuna a kasuwar Goronyo, Malam Shittu ya riga ya buɗe shagonsa. Ba ya karɓar aikin kowa sai ya hau tsani ya goge gilashin sola, ya sauko ya duba batir, sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur inda wata tsohuwar kwamfuta ke gurnani ba hutu. Sai ya ga 'yan fitilun rauta, akwatin intanet, suna ƙyaftawa kore, sannan hankalinsa ya kwanta, ya zauna ya sha kununsa. Haka yake yi shekara da shekaru. A makon jiya ya rufe shagon nan rufewa ta ƙarshe, kuma in ban da mai shayin da ke maƙwabtaka da shi, ba wanda ya zo yi masa sai wata rana.

Mai Rediyo ake ce masa, don da gyaran rediyo da kaset ya fara. Daga baya ya sami kyamara, ya zama shi ake kira ɗaukar suna da biki da saukar karatu, daga Giyawa har Maikujera, cikin Rabah da Wurno, bisa tsohon babur ɗinsa. Yana da wata ɗabi'a da ake yi wa dariya: duk abin da ya ɗauka sai ya ajiye nasa kwafin. Matarsa Adawiyya takan ce gero ya rasa wurin zama a gidansu, kaset ya cinye rumbu.

Da 'yan bindiga sunka fara tarwatsa ƙauyuka, dariyar ta tsaya. Mutum ya tsere da rigar jikinsa, waya ta tafi, hotuna sun ƙone tare da ɗaki. Sai anka tuna da Shittu. Ya zauna ya juye kaset ɗin nan da faifai ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfutar, na kusa suna zuwa da memori yana zuba musu. Amma mafi yawan masu bukata sun yi nisa, hanya kuma ba ta biyuwa.

Wata rana Iliyasu ya kira shi daga Legas. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Giyawa, yana sayar da albasa can, kuma ya kwashe mahaifiyarsa Inna Indo zuwa wurinsa bayan an kashe mahaifinsa, Malam Sale, a gona.

"Baba Shittu, Inna ta hana ni sakat. Ta ce sunan ɗiyana da kaɗ ɗauka, tsohonmu na ciki shina magana. Ko hotonai guda ba mu da shi. Mi za mu yi?"

Shittu ya ce, "Ka ba ni lokaci. In ba ta iya zowa, muryar ta ishe ta can."

Ya faɗi ne kawai, bai san ta yadda za a yi ba. Turawa ta waya ba ta yiwuwa, don faifan yana da nauyi, sabis kuma rarrauna ne, kuma bayan Iliyasu akwai ɗaruruwa irinsa. Abin da ake bukata shi ne na nesa ya iya shigowa kwamfutar da kansa ya kalli nasa. Ita kuwa rauta, akwatin nan mai haɗa shago da intanet, ba ta barin baƙo daga waje ya shigo. Ƙofofinta duk a rufe suke, kowace da lambarta. Sai mai ita ya shiga cikin saitinta ya buɗe guda, ya ce duk wanda ya ƙwanƙwasa wagga lamba a miƙa shi ga kwamfuta kaza.

Shittu bai yi boko mai zurfi ba. Da tambaya da gwaji ya koya, gilashi a karan hanci, yana bin Turancin da ke allon da yatsa. Ya buɗe ƙofar, ya sa kalmar sirri, ya kira Legas.

"Baba, juyawa kawai takai, ba ta buɗe ba."

Ashe layin da yake amfani da shi ba ya ba mutum adireshin kansa, jama'a da yawa ake cusawa cikin guda. Ya hau mota zuwa Sakkwato a lokacin da direbobi ke fita da addu'a a baki, ya nemo layin da ya dace. Abu ya yi kamar zai yi, sai batir ya ɗauke, rauta ta tashi ta ba kwamfutar sabon adireshi, ƙofar ta koma nuna inda ba kowa. Ya sake zama har ya gano yadda ake kafe mata adireshi guda da ba ya sauyawa.

Bayan la'asar ce ranar da ta buɗe. Iliyasu bai kashe kiran ba, don haka Shittu ya ji komai. Ya ji hayaniyar gidan suna ta fito daga wata waya can Legas, sannan muryar Malam Sale ta tashi, yana yi wa mahauci tsiya: "Kai, hantar nan ta mai jego ta, kar in gan ta cikin aljihunka!"

Inna Indo ta ce, "Ku ji shi. Ko ranar suna bai bar faɗa ba." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye. Shittu ya ajiye wayar bisa tebur, ya fita bakin shago ya tsaya yana kallon masu jakai.

Kai ne ka yi wannan, Mai Rediyo. Kai ne ka sa marayun da sunka watsu Sakkwato da Legas da ƙetaren iyaka sunka sake ganin fuskokin iyayensu, sunka ga zaurukan da yanzu ciyawa ta cinye. Kowane gida ka ba shi tasa kalmar sirri, don kada baƙo ya kalli matan wani.

To mi gari ya saka maka da shi?

Da labari ya bazu, Alhaji Yari, shugaban wata ƙungiyar ci gaban gari, ya kafa rumfa ya tara baƙi, ya sanar cewa ƙungiyarsu ta kafa taskar tarihi ta zamani. An kira Shittu wurin taron, amma don ya haɗa lasifika. Yana tsugune bayan rumfa riƙe da wayar lasifika mai kwancewa, anka jera sunaye ana tafi, nasa bai fito ba. Da ya koma gida Adawiyya ta tare shi.

"Malam, mi ya hana ka tashi ka yi magana?"

"Da na saki wayar, da lasifika ta ɗauke," in ji shi.

Wannan mai sauƙi ne. Shekarar da anka katse sabis a gabashin Sakkwato don matsa wa 'yan bindiga, kwamfutar ta yi shiru kamar kowa. Da anka maido da shi, Shittu ya hau rufi yana gyara eriya, sai zance ya tashi a kasuwa: wanga mutum da wa yake magana? Mi ya sa na'urarsa ba ta barci? Ko 'yan bindiga yake kai wa rahoto? Wasu matasa masu sintiri sunka zo da rana tsaka, kasuwa na ci. Sunka fizge rautar sunka taka, sunka jawo shi waje.

"Ku buɗe ku gani," yake cewa. "Suna na, da biki. Iyayenku na ciki."

Ba su buɗe ba. Sun doke shi a gaban mutanen da ya ɗauki aurensu, a gaban waɗanda sunka zauna kan bencinsa suna kuka da ganin mamatansu. Kowa ya sunkuyar da kai ga buhunsa. Alhaji Yari, mai taskar tarihi, ya ce shi bai san komai game da na'urar ba. Adawiyya ce ta ratsa taron ta faɗa kansa, sai wani limami dattijo ya zo ya tsaya masa, sannan anka sake shi. Har yau ba wanda ya je ya ba shi haƙuri.

Da ya iya tashi, abin da ya fara yi shi ne neman wata rautar. Ya sake saitin daga farko, don Inna Indo ta aiko tana tambaya ko lafiya, kwana biyu ba ta ji tsohonta ba. Bai gaya mata dalili ba.

Yanzu ƙarfi ya ƙare. Ya kwashe kwamfutar ya koma gidan ƙanensa a Wurno, ya haɗa ta a zaure, tana aiki. Ya nemi wanda zai koya wa saitin kafin ido ya gaza, har yanzu bai samu ba.

Mun gode, Malam Shittu. Allah ya saka maka da abin da munka kasa. Ku kuma masu karatu, musamman ku da kunka yi ilimin kwamfuta kuna zaune, ga aiki nan yana jiran magaji. Ku ɗauki muryoyin tsofaffinku tun suna magana, ku koyi yadda ake ajiye su da yadda ake kai su ga na nesa. Ku je Wurno ku gaishe shi yanzu da yake da rai, kada ku jira ranar da za ku taru kuna yabonsa bisa tabarmar gaisuwa. In kun je, ku zauna ta hagunsa ku ɗaga murya. Tun ranar kasuwar nan, kunnensa na dama bai ƙara jin komai ba.