Guɗar Farko a Korgom

Na kai shekara arba'in ban taɓa yin guɗa ba. Murya ina da ita, awakina ma sun sani. Amma da na shiga taron mata sai in ji kamar kowane ido a kaina yake. In duba ɗaurin zanena, in duba kaushin ƙafata, in rasa inda zan ajiye hannuwana. Na sha zuwa biki, amma in aka tambaye ni abin da amarya ta sa ban sani ba, gumin da na yi kawai nake tunawa. Wannan hali ya cuce ni, kuma ina jin haushinsa.

Sai matar ƙanena ta haihu a Korgom, bayan shekaru suna jira. A gidanmu gwaggon jariri ce ke fara guɗa idan aka raɗa suna, gwaggo kuwa ni kaɗai ce. In na yi shiru, za a ce ban yi murna ba, ƙanena kuma zai ji.

Ranar suna na hau moto, wato babur, daga Tasawa da sassafe. Da na isa gidan na samu lungu bayan turmi na raɓe, kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Innarmu, ƙanwar mahaifiyarmu, ta hango ni.

"Ke, mi kike nema a ƙasa? Allura ta ɓace miki?"

"Inna, kallona suke."

"Wa? Kowa ta waina yake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗaga kai ki dubi ƙanenki."

Na ɗaga. Ga shi ya shigo daga wajen maza zai faɗa mana sunan. Babbar rigarsa a baibai ya sa ta, tun safe yana rabon goro a haka bai sani ba. Idonsa ya cika da hawaye. Wannan fa yaron da na goya ne. Daɗi ya cika ni har na manta da zane da kaushi.

Ya faɗi sunan, sunan mahaifiyarmu da ta rasu. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, har zabbi suka watse. Mata suka amsa. Na ƙara ta biyu, ba wanda ya roƙe ni.

Ƙanena ya juyo yana dariya yana share ido.

"Yaya, ashe ke ce?"

"Ni ce. Je ka juya rigarka."

Har yau ina iya faɗin launin kowane ɗankwali da aka ɗaura a tsakar gidan nan.