Keken Da Ya Dawo Mini Da Mukullin Shago

Malumfashi

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da Rabi a zaure ta riga ta shirya, jaka a kafaɗa. Rabi 'yata ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ita kaɗai ta goyi bayana a rigimar da ta tashe mu zuwa Funtua da wannan duku-duku.

Ni tela ne, shagona na cikin kasuwa, kuma tun ina saurayi a kan baƙin kekena mai sanda nake zuwa. A daminar bana ƙuguna ya fara yi mini gardama. Wata safiya na taka feda, na tura, na ɗaga ƙafa zan wurga ta bayan sirdi kamar kullum, sai ƙafar ta tsaya a hanya, ni da keke muka zube a gaban mai shayi. Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ya zo ya ɗauke ni, ya haɗa da mukullin shagona ya sa aljihu, wai in huta haka nan. Shagon ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa, babur kuwa shi ma sai an wurga masa ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da Rabi ta sa baki aka tsaya a kan magana ɗaya: ranar da na hau keke na sauka da kaina, ba wanda ya riƙe ni, mukulli zai dawo.

A tasha Rabi ta sama mini kujerar gaba a bas ɗin farko. Gari na washewa muka kama hanya.

Ƙarfi

Kaka ta shigo, masara shanye a gefen titi, manoma kuma sun fito da kekunansu, kowanne da buhu a kariya. Na bi su da ido ina jin kishi. A shingen jami'an tsaro da ke kusa da Ƙarfi wani ya leƙo ta taga.

"Baba, sai ina?"

"Funtua, sayen keke."

"Na jika?"

"Na kakan jika," na ce.

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Direba ya ce, "Baba, a shekarunka ai mota ta kamace ka." Na ce masa in ya ba ni tasa ba zan ƙi ba. 

Bakori

Nan muka sauka don gaisa da Malam Sule, abokina tun na makarantar allo, manomi ne na gaske. Iyalinsa suka kawo mana koko da ƙosai mai zafi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya gyara zama, ya ba ni shawarar da duk mutumin yankinmu zai bayar.

"Malam Bala, kada wani ya ruɗe ka da fenti. Ɗaga shi za ka yi. In bai ja maka hannu ba, ajiye musu kayansu. Keke nauyi ne."

Rabi ta ce, "Baba Sule, ai ba masara zai ɗauka ba, kansa zai ɗauka."

"Ke 'yar nan, allura kika sani," in ji shi. Ni ma na gyaɗa kai, don abin da na taso a kai ke nan. Mu nan keke da buhu aka san shi, saboda haka da hannu muke auna nagartarsa.

Funtua

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Rabi ta kai ni shagon Rasaki, Bayarabe haifaffen Funtua, wanda Hausa a bakinsa ta fi ta wasu jikokina. Kekuna jere reras, sababbi da na gwanjo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, har na sami wani baƙi da ya kusa tsinke mini kafaɗa. Na ce wannan shi ne.

Rasaki ya fitar mini da shi bakin titi. Na tattare riga, na taka feda, na ɗaga ƙafa, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Na sake, haka. Da Rabi ba ta tare ni ba, da mutanen Funtua ma sun ga abin da mai shayinmu ya gani. Na ji kunya, kuma a karon farko na ji tsoron cewa babban ɗan nan nawa ne ke da gaskiya.

Sai ga Rabi ta turo wani daga ƙuryar shago da hannu ɗaya. Ba shi da sanda, tsakiyarsa a buɗe, ƙarfen ya lanƙwasa ya yi ƙasa, ga kwando a gaba.

"Baba, gwada wannan."

"Keken mata? Ni Bala? Ki mayar da shi inda kika ɗauko."

Rasaki ya ce, "Baba, na alminiyam ne, ba ya nauyi, kuma ba ya tsatsa." Na ɗaga shi da yatsu, na ji kamar kujerar roba. Na ce musu ni masallaci zan tafi.

Bayan azahar na zauna a inuwar wata mai abinci da ke fuskantar masallacin, na sa aka zuba mini tuwon masara da miyar kuka. Ina ci ina kallon masu fitowa. Duk wanda ya nufi kekensa sai ya fara da yaƙi da rigarsa: ya naɗe ta, ya ƙulle a ƙugu, wani ya cusa gefenta a wando, wani ya kama da haƙori. Wani dattijo mai farar shadda ya wurga ƙafa, gefen rigar ya maƙale a hancin sirdi, na ji ƙarar yagewa tun daga inda nake. Na san wannan yaga. Daga tsagar gefe take farawa ta haura aljihu, na ɗinke irinta ba adadi, har da a rigunana.

Nan na ajiye loma. Ashe abin da ya sa aka cire wa keken can sanda, don mai dogon tufafi ya hau ba tare da ya yi tsirara ba. To, wa ya fi mu dogon tufafi? Mu da ke yawo da riga har idon sawu, mu ne muka manne wa keken da aka yi wa masu gajeren wando. Wannan ba wanda ya gaya mini, idon tela ne ya gano shi, kuma ina alfahari da hakan.

Na koma shagon na ce wa Rasaki ya fito mini da duk irinsa. Yanzu ni ke zaɓe. Na ƙi na farko don kansa ya yi nisa, sai na sunkuya, bayana kuwa ba ya son ruku'u mai tsawo. Na ƙi mai ruwan hoda, kowa da inda haƙurinsa ya tsaya. Na tsaya a kan wani kore mai duhu, kansa ya lanƙwaso wajena har na zauna a miƙe kamar a kan keken ɗinkina. Sarƙarsa na da murfi, ba ta cin riga. Na matsa birkin gaba da na baya, na sa aka sauke sirdi har tafin ƙafata ya taɓa ƙasa. Rasaki ya tambaya ko a cire kwandon. Na ce a bar shi, yadi zan riƙa sawa.

Na zura ƙafa ta tsakiya kamar mai tsallake dokin ƙofa, na zauna, na taka. Na je ƙarshen layin na kewayo, riga a sake, hula ba ta motsa ba. Da na tsaya na ga Rabi na share ido da gefen mayafi. Muka yi ciniki, na taya kamar yadda ya kamata, muka rabu da Rasaki kowa na murmushi.

Komawa

Kwandasta ya miƙa keken saman bas da hannu ɗaya. A Bakori Malam Sule na bakin tasha yana jiranmu. Ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni.

"Malam Bala, Hajiya ka sayo wa?"

"Ranar da ƙugunka ya ƙi, ka zo in ba ka aro."

Ya yi ta dariya. Amma da mota za ta tashi ya matso taga ya rage murya: "Wane layi shagon yake?"

La'asar sakaliya muka shigo Malumfashi. Na ce wa Rabi ta hau babur ta yi gaba, ni da abina zan iso. Na bi ta cikin gari a hankali, na ratsa ta gaban mai shayin nan da gangan, na kaɗa masa ƙararrawa. 'Yan majalisarsa suka bi ni da ido, wani ya ce keken mata. Na ɗaga masa hannu, don da hannu ɗaya ma yana tuƙuwa.

A ƙofar gida babban ɗana na tsaye, ganina ya taho da sauri zai tare ni. Na ce, "Tsaya inda kake." Na matsa birki, na sa ƙafa a ƙasa, na zaro ɗayar ta tsakiya, na kafe keken. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya durƙusa, ya miƙo mini mukullin da hannu biyu.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Sule da kokonsa, na kuma sa wa Rabi albarka. Washegari ni na riga maƙwabtana buɗe shago.