Guntayen Kek

A layinsu kowa Anti Kek yake ce mata, har da waɗanda a haife sun haife ta. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan sana'a. A kicin ɗin wani otal ta fara, tana wanke gwangwanaye, har shugaban masu girki ya lura hannunta ba ya rawa in ta riƙe wuƙar shafa kirim. Da ta yi aure sai ta mayar da ɗakin baya wurin aiki: dogon tebur, sikeli, buhun fulawa a kan benci saboda ɓera. Mijinta kafinta ne, rumfarsa na jikin katangar gidan, duk yini ita tana jin zartonsa, shi yana shaƙar ƙamshinta.

Ciwon suga ne ajalin mahaifiyarta, kuma ƙafa ya fara ɗauke mata. Shi ya sa ranar da likita ta duba takardar gwajin Anti Kek ta ce, "Mama, kina bakin ƙofa, ba ki shiga ba tukuna," ba ta ɗauki maganar da wasa ba.

Likitar ta yi mata bayani dalla-dalla. "Duk zaƙin da ya shiga jini, jiki yana sakin wani sinadari, insulin, ya kwashe shi ya kai wa tsoka. In zaƙi da maiƙo suka yi yawa kullum, kitse ya taru a hanta da tumbi, sai jikin ya daina jin maganar insulin ɗin. Ya yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe masa, sugan ya tsaya a jini. Na ba ki wata uku."

Ta dawo gida ta yanke suga a shayi, ta rabu da lemon kwalba, ta rage shinkafa. Bayan sati shida ta gwada a kemis. Ko gezau.

Ta sami maigidan a rumfa ta zauna kan wata kujera da bai gama ba. "Baban yara, ni kam gado ne. Me kuma zan bari? Ko karin kumallo ba na yi."

Ya ajiye zarto ya kakkaɓe hannu. "Uwargida, in faɗi gaskiya, ko in zauna lafiya?"

"Faɗi, ka zauna a rumfa."

"Saman kek ɗin nan da kike yankewa don ya daidaita, ina yake zuwa?"

"Wannan ai guntu ne, ba ci ba ne. Zubarwa zan yi? Abincin Allah?"

"Ni ma kullum ina fitar da guntaye, amma ba ki taɓa ganin na tauna katako ba."

Ta yi tsaki ta tashi. Washegari da safe ya shigo da tsohuwar roba ya dire mata a tebur. Ya ce yau ɗaya tak, duk abin da hannunta ya nufi baki da shi, ta jefa a nan.

Kek uku gare ta ranar. Ta yanke tudun na farko, hannu ya tashi da kansa, sai da ya kai haɓa ta tuna. Roba. Gefen da ya ɗan ƙone, roba. Kirim na bota da suga, wanda take ɗanɗanawa cokali guda duk kwaɓi, ta sake bayan ta ƙara kala, ta kuma sake don ta tabbata, duk roba. Kafin la'asar abin ya yi tozo. Ta ɗora a sikelinta: ya haura rabin kilo.

Ta daɗe tana kallon allurar sikelin. Sannan ta leƙa ta taga. "Baban yara! Zo ka ga karin kumallona."

Ya zo ya gani, ya cire hula ya mayar. "Ashe shekara ashirin ina auren injin niƙa."

Dariya ta yi har da ƙwalla, don wani dutse ne ya sauka daga ranta: abin da hannu yake yi, hannu zai iya bari. Ta rage wa tanda wuta, ta riƙa naɗe gwangwani da jiƙaƙƙen ƙyalle, kek ya daina yin tudu balle a yanke. Ɗanɗano ya koma bakin cokali, sau ɗaya. Ta fara karyawa da ƙwai da ganye kafin ta taɓa fulawa, da yamma su taka har ƙarshen layi su dawo, yana mita wai shi da bai ci ba aka haɗa da shi a hukunci.

Ranar da wata uku ya cika, likita ta jera takarda biyu, tsohuwa da sabuwa, ta ɗago.

"Mama, kin ja da baya sosai daga bakin ƙofar nan. Me kika canja?"

"Na daina cin abin da ba na ci."

Likitar ta yi murmushi ta rubuta. "Ba a sakin jiki, ki ci gaba a haka. Sai bayan wata shida."

Da ta fito sai ta tuna ƙafar mahaifiyarta. Ta zauna a bencin masu jira tana share ido da gefen mayafi. Wata dattijuwa ta matso ta dafa ta.

"'Yar nan, haƙuri za ki yi. Me suka ce?"

"Lafiya suka ce, Inna. Bari dai ƙafafuna su ji labari."