Zanen da Bai Bushe Ba

Ina yaro a Matankari, zamanin Nasara, bayan tuwon magariba mukan kewaye murhun Kaka Dije. Tana gasa mana gyaɗa cikin toka tana ba mu tatsuniya. Ni takan kira ni maigida, tana tsiyar cewa ko zane ɗaya ban taɓa saya mata ba. Amma akwai labarin da takan bayar sau ɗaya a shekara, idan an cire gyaɗa. Ranar ba ta wasa da kowa.

Labarin mijinta ne, kakanmu Arzika. Mai shafe ne, yana yi wa ɗakuna ado da farar ƙasa da ja. Aka kai shi Dogon Dutsi ya shafe gidan kumandan, Baturen mulki, shi kuwa kumandan ya tafi rangadin kwana bakwai. A bango akwai wani ƙyalle ɗaure a katako, duk ya yi gudaji-gudaji, daga kusa ba a gane komai. Mai shafe ba ya barin gudaji. Arzika ya ɗauka aikin zanzaro ne, ya sa wuƙa ya kankare, ya wanke da ruwan toka.

Da kukun gidan ya shigo, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Arzika, ka kashe mu. Wanga hoton ƙasar su kumandan ne. Da hannunshi ya zana shi."

Kuku ya ɗauko akwatin fentin kumandan, da kwalbar mai, da ɗan katin da aka kwaikwayi hoton daga ciki: gona rawaya, dogayen itatuwa, sama tana murɗewa kamar ruwan gulbi. Arzika ya duƙa daga hantsi har faɗuwar rana, yana duban kati yana ɗora fenti da kauri, layi kan layi. A kwana na uku man kwalba ya ƙare, fentin ya ƙi tafiya. Sai ya aika gida a kawo masa mai.

"Ni na soya gyaɗar, ni na matse," in ji Kaka. "Mai na gari, kwalba guda. A ƙasa na taka har Dogon Dutsi, ubanka na goye. Murna nike, maigida. Cewa nike na ceci mijina."

Zanen ya fito. Kuku ya ce daga bakin ƙofa ba mai bambancewa. Sai dai ya ƙi bushewa. Suka shanya shi a rana, suka yi masa fifita da faifai, suka kai shi kusa da wuta. Rawayar ta fara gangarowa, ƙudaje suka manne a sama. Arzika ya daina cin abinci, yana ta taɓa gefe da ɗan yatsa.

Kumandan ya dawo, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa. Bai yi faɗa ba. Da safe aka haɗa Arzika da masu aikin tilas na hanya. Rigarsa kawai ta dawo, da rawaya a hannunta.

"Da ban kai man ba," Kaka takan ce, sai ta rufe wutar da toka.

Yanzu na yi furfura, ina ajin yaƙi da jahilci. Bara na ba wani mai fentin allunan shago wannan labari. Ya ce gaskiya ne, man gyaɗa ba ya bushewa. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Malam, fenti mai kauri haka, ko da man Nasara ne sai ya yi makonni. Kwana bakwai ba su isa ba, ko wa ya kawo man."

Na tsaya a bakin shagon na kasa tafiya. Kaka ta daɗe a kabari, ta tafi da laifin da ba nata ba. Shi ya sa da hannuna ya fara iya riƙe alƙalami, wannan na soma rubutawa. Kaka, ba manki ba ne.